Ranar da Aku Ya Yi Shiru

"Ba zan ba wa aku 'yata ba!"

Haka Baba ya faɗa yana goge madubin hangen nesansa, ko kallona bai yi ba. Hawaye suka cika min ido.

"Baba, aikinsa ne fa magana. A gidan rediyo yake..."

"To ya bar ta can mana! Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, yaushe zai saurari matarsa?"

Mu gidanmu ba irin sauran gidaje ba ne. Duk ƙarshen mako Baba ke loda mu a mota zuwa wani tafki a bayan gari, mu ɓuya cikin ciyawa muna kallon zalɓe da balbela da kifaye. Ba a sa turare, ba a sa kaya masu ɗaukar ido, ko tari sai ka haɗiye. Babban burin Baba shi ne ya ga karen ruwa, wata 'yar dabbar ruwa mai cin kifi da wuyar gani. Tun ina goye yake ganin sawunsa a laka, amma shi kansa ko wutsiya bai taɓa nuna masa ba.

Ni kuwa zuciyata ta rasa wanda za ta so sai sarkin surutu. Wallahi ina sonsa, har surutun nake so.

Mama ce ta sa baki. "A bar yaron ya bi mu tafki sau ɗaya, ka gani da idonka."

Baba ya taɓe baki. "Ya zo. In ya kore min ko kwaɗo ne, magana ta ƙare."

Na kira saurayin nawa a waya. "Masoyi, don Allah gobe ka kulle bakin nan..."

Ya yi dariya. "Auta tawa, a kanki ko numfashi aka ce in daina, sai in tambaya zuwa yaushe."

"Ka gani ko? Har ka fara!"

Da sassafe muka isa, har da ɗan Goggo, wanda ya daɗe yana bina ina zillewa. Ranar sai wani haba-haba yake da masoyina, har ya kama hannunsa ya kai shi gindin wata bishiya.

"Zauna nan, ɗan'uwa, ya fi inuwa," ya raɗa masa.

Na yi mamakin wannan kirki na rana tsaka, amma na share.

Kowa ya lafe. Ba ka jin komai sai kukan kwaɗi. Can sai ganyen bado ya motsa, wani ɗan baƙin kai mai gashin baki ya leƙo.

Karen ruwa!

Uwa ce, da 'ya'yanta a baya. Baba ya ƙara manna madubin a idonsa.

Na juya in yi wa masoyina murmushi, sai na ga ba lafiya. Gumi ne ke tsiyaya daga fuskarsa, idanunsa sun yi jawur. Na kai dubana ƙasa... cinnaku! Ashe a kan gidansu aka zaunar da shi. Sun rufe ƙafafunsa baƙi ƙirin, suna hawa cikin wando. Ɗan Goggo kuwa ya toshe baki yana jiran ihu.

Na yunƙura zan tashi. Masoyina ya girgiza min kai a hankali, ya nuna Baba da ido.

Duk wanda cinnaka ɗaya ya taɓa ciza ya san abin da nake faɗa. Bawan Allah nan ya cusa hularsa a baki ya datse. Ni ma na ciji gefen mayafina, ina kuka ba sauti. Ita kuwa uwar karnukan ruwan ko a jikinta. Ta kamo kifi, ta raba wa 'ya'ya, suka yi ta birgima a laka kamar an biya su. Ban taɓa jin haushin dabba irin na ranar ba.

Sai da suka gaji don kansu suka nutse.

Baba ya sauke madubi, fuskarsa jiƙe da hawaye. "Alhamdulillahi! Kun gani? Kun gan su?"

Masoyina ya zare hular daga bakinsa. "Baba... an gama? Zan iya magana?"

"Yi mana."

"Wayyo Allah naaa!"

Ya zabura da gudu ya faɗa ruwa tsundum. Tsuntsayen tafkin kaf suka tashi sama.

Da aka jawo shi, ƙafafun sun kumbura suntum. Baba ya dubi gindin bishiyar, ya juyo kan ɗan Goggo.

"Kai tun kana yaro nake hana ku zama a wurin nan. Ko ka manta?"

Ɗan Goggo ya sunkuyar da kai.

"Je ka jira mu a mota," in ji Mama. "Da ni da uwarka za mu yi magana."

Baba ya durƙusa, da hannunsa yake cire sauran cinnakun da suka maƙale. "Yaro, me ya hana ka tashi?"

"Baba, Auta ta ce min shekara da shekaru kake jiransu. Na ce nawa ciwon zuwa jibi ya warke. Kuma ka san ita uwar nan, yadda ta riƙe kifin, da a rediyo nake da na..."

"Ya isa, ya isa!" Baba ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji irin wannan dariyar tasa har na manta.

Sai ya ɗago ya harare ni.

"Ke Auta, tsayuwar me kike yi? Mijin da za ki aura ƙafa a kumbure, kin zuba masa ido? Ɗauko man shafawa a mota!"

Na kwasa da gudu ina dariya ina kuka. Takalmina ɗaya ya maƙale a laka, ko waiwayarsa ban yi ba.