Kujerar Kyaftin

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, tana kan tsani a ƙarƙashin fiffiken wani tsohon jirgin sama, da tsumma a hannunta, baƙin mai na ɗiga mata a kafaɗa, ita kuwa ko a jikinta.

Dogo mai gyaran kujeru ne. An kira shi ya ɗinke kujerun fasinja biyu da suka yage a cikin jirgin, wanda ƙungiyar masoya tsofaffin jirage ta karɓa bayan kamfani ya ajiye shi. Jirgi ne mai farfela biyu, ya girmi iyayen Dogo, ya yi jigilar mutane har ya gaji. 'Yan ƙungiyar suna kiran jirgin Gwaggo, kuma duk Asabar suna rumfar da yake, suna goge-goge kamar masu jinya.

"Malama, injin nan fa yoyo yake," in ji Dogo.

Ta leƙo tana dariya. "Ranar da Gwaggo ta daina yoyo, mai ne ya ƙare mata. Kai ne mai kujera?"

Shi ke nan fa, aikin yini ɗaya ya koma na makonni. Dogo ya yi ta jan ƙafa, yau zare ya ƙare, gobe allura ta karye, har suka yi musayar lamba.

"Mai Kujerata, ka ji ƙarar injin Gwaggo yau? Har cikin ƙirji take shiga."

"Na ji, 'Yar Mai. Amma ni wata ce ta riga ta shiga nawa ƙirjin, babu wuri."

Mahaifin Auta shi ne shugaban ƙungiyar. Kyaftin kowa ke ce masa, don shi ya tuƙa Gwaggo tun gashinsa na baƙi har ya yi fari. Mutum ne mai shan mur, matarsa ta rasu, yayyen Auta duk sun yi aure, daga shi sai ita a gida. Dogo ya rasa ta inda zai shiga ransa.

Sai wata rana ya leƙa wurin zaman matuƙi, ya ga kujerar Kyaftin. Abin kunya! Fata ta tsattsage, gefen hagu ya lotsa, wurin ɗora hannu ya yi baƙi ƙirin. Dogo ya ce a ransa, ga ƙofa ta samu. Bai gaya wa kowa ba, har Auta. Ya lallaɓa mai gadi a tsakiyar mako, ya kwance kujerar, ya kai shago. Ya zuba mata sabon soso, ya ja mata jar fata mai sheƙi, ɗinki kamar na inji. Wallahi bai taɓa aiki mai kyan wannan ba.

Ranar Asabar ya saka sabuwar riga, ya tsaya yana jiran yabo.

Kyaftin ya hau, ya zauna. Kansa ya bugi maɓallan sama. Ya miƙa hannu inda ya saba, ya kama iska. 

"Wa ya yi min wannan aika-aika?"

"Ni ne, Baba. Na ga ta lalace ne..."

"Lalace? Jikina ne ya sassaƙa kujerar nan! Idona a rufe na san inda komai yake. Ka mayar min da ita kujerar falon amarya!" Ya sauko yana huci. "Mutumin da bai san darajar tsohon abu ba, 'yata zan ba shi? In ta tsufa ya sake mata fata? Kada na sake ganin ƙafarka a gidana."

Wani matashin matuƙi da ake ce wa Tabarau, wanda ya daɗe yana zagayen Auta, ya tsoma baki. "Ai Kyaftin, jirgi sai ɗan jirgi." Dogo ya ji kamar ya shaƙe shi da igiyar awo.

Ya koma shago ransa a dagule. Shi fa alheri ya yi! Duk duniya in ka sabunta wa mutum kujera godiya yake yi, sai waɗannan mutanen masu son tsatsa.

"Ke ma kina ganin laifina ne?" ya tura wa Auta a waya.

"Eh, laifinka ne. Na yi kuka a kan kujerar nan, a kanta na koyi zama. Amma ina sonka, kuma Tabarau ya fara kawo wa Baba gaisuwa. Tsohuwar fatar tana nan?"

Tana nan, a bayan shago cikin tarkace. Tsohon soson cikinta ne masu kwasar shara suka tafi da shi. Dogo ya wanke fatar, ya bi tsagar ɗaya bayan ɗaya da zare, ya mayar. Amma lotsawar fa? Wannan sai da jikin mai ita. Auta ta yi ta magiya har Kyaftin ya yarda zai riƙa zama ana gwadawa, da sharaɗin ba maganar aure.

Nan Dogo ya san ya haɗu da aiki. Duk Asabar zai durƙusa a wurin nan mai zafi da warin mai, ya rage soso, ya ƙara auduga.

"Hagun ta yi tudu."

Ya rage.

"Yanzu kuma ka zurma ni rami."

A tsakani Kyaftin ya yi ta ba shi labari: yadda ya sauke Gwaggo a filin da ruwa ya cinye, matar da ta haihu a kujerar baya, yadda ake juya farfela da hannu kafin a tayar da inji. Dogo na ji, yana haɗiye takaici.

"'Yar Mai, mahaifinki zai kashe ni. Yau cewa ya yi kujerar ba ta ƙara irin ta da."

"Yi haƙuri, Mai Kujerata. Ni ma na gaji. Kullum in na ɗauko zancenka sai ya kunna rediyo."

Watanni suka shuɗe. Wata Asabar Dogo ya ɗago kai daga jakar kayan aiki, ya ga Kyaftin ya lumshe ido, hannunsa ya faɗa daidai kan sandar tuƙi ba lalube, fuskarsa a sake. Da ya buɗe ido sai ya ɓata rai. "Bayan ya yi tauri."

Haƙurin Dogo ya ƙare. Ya ajiye allura.

"Baba, don girman Allah, kujerar nan ta yi. Ta yi tun tuni, kai ma ka sani. In ba za ka ba ni Auta ba, ka faɗa min in san inda dare ya yi min. Amma kada ka ce aikina ne bai yi ba."

Kyaftin ya kalli gilashin gaba.

"Na sani," ya ce a hankali. "Kamfani ya karɓe min sama. Mutuwa ta karɓe min uwarta. In na ce ta yi, ka ɗauki Auta ku tafi, kai ma ka daina zuwa. Wa zan ba labari?"

Duk fushin Dogo ya zube. Sai ya waiwaya ya nuna layin kujerun fasinja.

"Baba, dubi aikin da ke bayanmu. Kuma ba zan taɓa ko ɗaya ba sai kana zaune kana faɗa min wanda ya zauna a kanta."

Tsohon ya share ido da bayan hannu. "Ka turo manyanka. Amma jar fatar nan, kada na gan ta a ɗakin 'yata."

Ranar ɗaurin aure 'yan ƙungiya suka tayar da injinan Gwaggo duka biyu, hayaƙi ya turnuƙe, ƙara ta hana kowa jin kowa. Kyaftin ya kama hannun Dogo ya matse, ya kai baki kusa da kunnensa.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Ku tsufa tare, kada ɗayanku ya gaji da ɗaya."