Auren Mangwaro

A Rafin Guza, can wajen gangaren kogi, an yi wata yarinya 'yar aji uku. Yarinyar nan akwai ta da tambaya. Kai, har sai mutum ya ce mata ta bari ya huta!

Lokacin nan masaƙu suna ta rage ma'aikata, kuma babanta yana cikin waɗanda aka sallama. Kullum zai fita neman aiki, kullum zai dawo hannu rabbana. Abinci ya fara wuya a gidan.

To, a unguwar akwai wata ƙungiyar taimakon kai da kai. Shugabarta wata dattijuwa ce, mutuniyar Kafanchan, ana ce mata Mama Maryamu. Ƙungiyar ta samu fili a bakin kogi, tana yanka wa marasa ƙarfi su yi lambu. Amma fa da sharaɗi. Za a ba kowane gida ɗan dashen mangwaro ya rena. Gidan da nasu ya rayu, su za a yanka wa fili.

Ran nan Umma ta dawo daga taron ƙungiya, rungume da nasu dashen. Gindinsa na cikin baƙar leda. An naɗe tsakiyarsa tamau, an rufe kansa da farar leda.

Yarinya ta ce, "Umma, me ya same shi? Ciwo ya ji?"

Umma ta ce, "Aure aka yi masa."

"Aure?"

"Aure mana. Mama Maryamu ce ta ɗaura shi da hannunta. Kada wanda ya taɓa mini shi. Filinmu yana jikin abin nan."

Yarinya ta yi sororo. Bishiya da aure? Ita dai ta san liman ke ɗaura aure, a cikin maza. Mama Maryamu kuwa mace ce, kuma coci take zuwa. Ba a raba goro ba, ba a yi kiɗa ba, ko shinkafa ba a dafa ba. Wane irin aure ne wannan?

Ta ce, "To ina angon?"

Yayanta Rabe ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ga ango nan a ƙasa, ga amarya a sama ta lulluɓe kai. Ba ki da ido ne?"

Bai tsaya nan ba, ɗan banza. Ya fita ya ba abokansa labari. Ko'ina ta gilma sai su ce, "'Yar biki, yaushe za a kai amarya?" Kunya ta kama ta. Ta ce a ranta ba za ta ƙara tambayar kowa ba.

Amma abin bai bar kanta ba. A makaranta ma, Malam Sanda yana koyar da su sassan tsiro, ta ɗaga hannu.

Ya ce, "Ina jin ki."

Ta tuna dariyar Rabe. Ta ce, "Malam, ba komai."

Kowace safiya sai ta tsuguna gaban dashen. Ta lura cikin farar ledar ya yi raɓa-raɓa. Ayya, amarya gumi take yi, ko kuwa kuka? Sai ta tuna bikin gwaggonta Turai. Bayan an kai ta ɗaki, ai an yi buɗar kai, aka yaye mata mayafi, kowa ya ga fuskarta. Wannan kuwa an bar ta a rufe, ba wanda ya tuna da ita. Tausayi ya cika yarinya.

Ranar Asabar Umma ta tafi kasuwar Kawo. Yarinya ta waiga, ba kowa a tsakar gida. Ta yi 'yar guɗa a hankali, ta zare farar ledar, ta warware naɗin.

Ina amarya? Babu. Wani ɗan guntun reshe ne kawai, ko ganye ba shi da shi, an soka shi cikin tsagar dashen. Kafin ta gama mamaki, reshen ya faɗo ƙasa.

Ta ɗauke shi, ta jujjuya. Ina sama, ina ƙasa? Oho! Ta cusa shi yadda ta ga ya shiga, ta ɗaure da zaren ɗinkin Umma, ta mayar da leda. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da 'yan ƙungiya suka zo zagayen gidaje, Baba ma bai fita ba. Mama Maryamu ta durƙusa ta zare ledar. Reshen ya yi baƙi, ya bushe ƙayau.

Ta ce, "Ayya, auren nan ya mutu."

Yarinya ta zaro ido. "Mama, sakin ta ya yi?"

Ba wanda ya kula ta. Mama Maryamu tana duban zaren. Ta ce, "Wannan ba ɗaurina ba ne. An kwance shi, kuma a kife aka mayar da reshen."

Umma ta zauna a kan turmi, ta rafka tagumi. Baba ya sunkuyar da kai. Ganinsa haka ya fi duka ciwo a wajen yarinya. Sai ta fashe da kuka.

"Ni ce. Buɗar kai na yi mata. Na ga kowa ya manta da ita."

Wata mata cikin 'yan ƙungiya ta toshe baki da gyale. Umma kam ba ta ga abin dariya ba. Ta ce, "Buɗar kai? Ban ce kada a taɓa ba?"

Mama Maryamu ta jawo yarinya jikinta. Ta ce, "Share hawayenki, ki saurara. Na ƙasan nan mangwaron gida ne. Yana da jure wahala, amma 'ya'yansa ƙanana ne, duk zare. Shi kuwa reshen, daga mangwaro mai manyan 'ya'ya aka yanko shi. In aka haɗa su aka ɗaure, sai su manne su zama bishiya ɗaya. Shi muke kira aure. Ledar kuma don kada iska ta busar da reshen ne. Me ya hana ki tambaya?"

"Dariya ake yi mini."

Mama Maryamu ta dubi Rabe. Rabe ya hau sosa ƙeya.

Baba ya ce, "To Mama, maganar fili fa?"

Ta ce, "Malam, wannan karon ba za ku samu ba. In na ɗaga muku ƙafa, gobe ba wanda zai kula da nasa. Amma gindin yana da rai. Zan sake ɗaurawa, mu gani."

Washegari ta zo da sabon reshe da 'yar wuƙarta. Ta fere, ta tsaga, ta soka. Yarinya ce ta riƙe mata, tana ta jero tambayoyi, ita kuma tana amsawa. Rabe yana gefe, shi ma ya kasa kunne.

Jira fa ba daɗi. Maƙwabta suna wucewa da fartanya, suna dawowa da alayyafo da tumatir. Duk sanda yarinya ta gan su sai ranta ya ɓaci, don ta san ita ta jawo. Ta ci gaba da ba dashen ruwa. Ko akuya ta matso sai ta kore ta.

Wata safiya ta hango wani abu cikin ledar. 'Yan ganye ne ƙanana, amma jajaye. Ja kuma? Ba kore ya kamata ba? Ko jini ne? Hannunta har ya miƙa, sai ta janye shi. Ta zura da gudu gidan Mama Maryamu, ko takalmi babu.

"Mama, ganye ya fito, amma ja ne! Lafiya kuwa?"

Mama Maryamu ta tafa hannu. "Lafiya lau, 'yata! Haka sabon ganyen mangwaro yake. Aure ya kama!"

A makon nan aka yanka musu fili a bakin kogi. Baba ya haƙa rami, ya ce yarinya ta sa dashen da hannunta. Yana tura ƙasa yana dariya. Rabon da ta ga haƙoransa tun kafin a sallame shi daga aiki.

Ya ce, "Gobe da sassafe zan fara kaftu. Yau dai na san inda zan nufa in gari ya waye."

To, yara, kun ji. Abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku sa masa hannu, ko da za a yi muku dariya. Ku kuma manya, in ƙarami ya yi tambaya, ku ba shi amsa.