Adireshin da Ya Ƙi Juyuwa

Magariba ta kawo jiki lokacin da Injiniya ta koma ɗakin naɗar sauti don gyara layi uku kacal a cikin manhaja. Manhajar da suka rubuta ita da ƙanenta takan ɗauki adireshin na'ura, ta juya shi zuwa lambobi, sannan ta aika sauti can. In juyin ya ƙi, sai ta haɗiye kuskuren, ta aika duk da haka. Dabarar ƙanen ce. Wai saƙon kuskure yana korar masu saye.

Mako guda ke nan yana gwaji da muryarsa, muryar kuwa tana ƙarewa kamar sabulu. Likita ya ce mura ce. Ita ma haka ta ce, har safiyar wannan rana da ya buɗe baki zai kira ta, iska kawai ta fito.

Ɗakin na warin wayar lantarki da ta yi zafi. Ta buɗe kundin da manhajar ke rubuta ayyukanta. Adireshi ɗaya ya ƙi juyuwa sau ɗari huɗu. Ba lamba ba ne, ba suna ba. Amma duk abin da aka aika masa, an karɓa.

Lasifika ta yi gyaran murya.

Ta duba. Wayar lasifikar na ƙasa, a cire.

"Salamu alaikum, Yaya."

Muryar ƙanenta ce tas, har da 'yar in'inarsa.

Amsa ta taho bakinta da kanta. Ta danne ta. Makirufo a kunne yake, jar fitilarsa na kallonta. Duk abin da ta furta, can zai tafi.

"Ba kya amsa sallama? Haka Mama ta koya miki?"

Kujerar gefe ta yi ƙara, kamar an zauna.

Ta rubuta a cikin manhajar: in adireshi ya ƙi juyuwa, a tsaya, a rufe hanya, a faɗi dalili.

Numfashi mai sanyi a ƙeyarta.

"Kalma ɗaya, Yaya."

A gurbin saƙon kuskure ta sa: Ba mu san ka ba. Maido abin da ka ɗauka.

Ta danna.

Lasifikar ta ƙwala ihu, wuta ta ɗauke. Da lalube ta fita, takalmi ɗaya a ƙafa.

Washegari ƙanen ya tashi da muryarsa, ya kuma fara amfani da ita wajen ƙorafin cewa saƙon ya yi kaushi. Ko wasali ba ta sauya ba. Har yau tana cewa mura ce ta warke. Sai dai in aka yi sallama a bayan ƙofa, ba ta amsawa sai ta ga fuska.