Yatsan da Ya Karɓi Takin Abibata

Ranar Laraba da hantsi wata mata mai suna Lamisi, shugabar ƙungiyar mata manoma, ta shigo caji ofis tana haki. Ta ce an cinye buhu huɗu na takin tallafin gwamnati da aka ware wa maƙwabciyarta Abibata.

"Ita tana ina?" in ji Sufeto Basit.

"Takaba yake yi, Ofisa. Mijinshi ya rasu wata biyu ke nan, ko ƙofar gida bai leƙa ba."

Sufeto ya hau babur ya nufi gidan Abibata a unguwar Choggu. Ta bayan labule Abibata ta yi masa magana.

"Masarana ya fara rawaya," ta ce. "In satin nan ya wuce babu taki, ni da yara huɗu ba mu da abinci bana."

Tausayinta ya kama shi. Ya miƙa tawada da takarda ta ƙarƙashin labule, ta dangwala. Ɗan yatsa ne siriri.

A siton taki na unguwar Gumbihini, Tahidu mai rabon taki ya tarbe shi da fara'a har da ruwan sanyi. Ya buɗe rajista ya nuna sunan Abibata, ga dangwale a gefensa, faffaɗa kamar ƙosai.

"Da kanta ta zo?"

"Da kanshi, Ofisa."

"Mai takaba?"

Tahidu ya sosa ƙeya. "To, na tuna. Lamisi ne ya karɓa mishi."

Aka kira Lamisi ta dangwala tana rantsuwa, bai yi daidai ba. Ta ce jiya ta zo neman takin, Tahidu ya hana ta ganin rajistar, wai tana ofis. Sufeto ya juya shafi, ya tarar da irin ƙaton dangwalen nan a gaban sunaye tara, duk tsofaffi da zawarawa.

"Kawo hannunka."

Tahidu ya ba da yatsunsa goma yana murmushi. Ko ɗaya bai dace ba. Aka gwada direban siton da masu dako uku, haka nan.

Kan Sufeto ya ɗaure tamau. Shekara sha bakwai yana aikin nan, bai taɓa neman mutum mai hannu irin wannan ba. Ya juya rajistar sama, ya juya ta ƙasa, har ya fara leƙen hannun masu wucewa a titi kamar wanda ya zautu.

Aka kira azahar. Ya shiga ɗan masallacin da ke jikin sito a makare, ya tsaya a sahu na biyu, daidai bayan Tahidu. Da aka ɗago daga sujada, sai idonsa ya faɗa kan ƙafar da ke gabansa. Babban yatsan dama ya yi shuɗi, har cikin farce. Daga nan Sufeto bai ƙara sanin raka'a nawa aka yi ba.

Ana sallamewa Tahidu ya jawo takalminsa. Sufeto ya taka takalmin.

"Bar shi tukuna. Alwala ba ta fid da tawadar gwamnati, ko?"

Aka kawo takarda da tawada a ƙofar masallaci, Tahidu ya taka a gaban jama'a. Dangwalen ya zauna daram da na rajista.

"Jiya na cika rajistan, da Lamisi ya matsa mini," ya ce. "Na san hannu kawai kuke dubawa. Buhunan suna wani ɗaki a Dabokpa, Juma'a mai saye zai zo."

Aka sa masa ankwa, wani kofur da aka kira daga caji ofis ya tasa ƙeyarsa zuwa mota, takalmi ɗaya a hannu.

Sufeto ya koma ciki ya sake sallarsa. Kafin la'asar buhu huɗu suna ƙofar Abibata. Ya tura rajistar ta ƙarƙashin labule don ta dangwala, ya ji tana kuka a hankali. Da ta dawo da ita, ga ɗan siririn yatsanta a gefen na ƙafar Tahidu.