Rana Ba Ta da Makunni

Ƙarfe tara na safiyar Litinin aka kira ofishin 'yan sanda cewa an yi ɓarna a tsohon ginin hukumar birni. Wata takwas ke nan ana gyaransa: an faɗaɗa tagogi don iska, an kafa tankin tara ruwan sama, an jera faifan sola arba'in a kan rufi. Saura kwana uku a sallami janareto, sai aka tarar an datse wayoyin solan, akwatin da ke haɗa su ya ƙone ƙurmus.

Abin da Sufeto ya fara gani shi ya ɓata masa rai. Wata dattijuwa ce a zaune a ƙasa a gindin matakala, ma'aikata sun yi mata zobe, Daraktan hukumar na tsaye a kanta yana kumfar baki.

"Mun hutar da kai, Sufeto. Mai shara ce, ita ke wanke faifan, ita kaɗai ke da makullin rufi. Tafi da ita, ga takardar korarta ma an buga."

"Ranka ya daɗe, wa ya gan ta?"

"Sai an gan ta?"

Sufeto ya haɗiye amsar da ta zo masa baki. Ya daɗe da sanin cewa a irin waɗannan ofisoshi laifi kamar ruwa yake, gangare yake bi. Ya sa aka kawo mata kujera.

"Iya, yaushe rabonki da rufin?"

"Juma'a da safe, ɗana. Na wanke, na kulle, na rataye makullin a ƙusar ɗakin tsintsiya kamar kullum. Shekara goma sha tara ina share ginin nan. Jikoki uku ke ci a tsintsiyar nan, in an kore ni ina za mu?"

Ashe ƙusar da kowa zai miƙa hannu ya kai ita ce "ita kaɗai" ɗin Darakta.

A kan rufi injiniyar aikin ta ɗago masa guntuwar waya.

"Dubi bakinta, Yallaɓai, narkewa ya yi. Da rana tsaka aka datse ta, kuma na'urarmu ta nuna ranar Asabar ce wutar solan ta tsaya."

"Ya aka yi kika sani?"

"In dai rana na dukan faifan, wuta yake bayarwa. Ko ka kashe babban makunnin ginin, wayar nan tana nan da ranta. Wanda ya yi wannan ya sha wuta, hannunsa zai faɗa."

Sufeto ya sauko ya duba hannuwan Iya. Ban da kaushin sabulu babu komai.

Daga nan ya tsare maigadi a ɗakinsa na bakin ƙofa.

"Asabar wa ya shigo?"

"Ko ƙuda, Yallaɓai. Ni da fankata muka wuni. Ita ma da azahar ta ɗan ɗauke, ta dawo."

"Mai shagon da ke kallonku ya ce ba a ɗauke wuta a layin nan ba ranar. To wa ya kashe babban makunni?"

Maigadi ya shiga soshe-soshen ƙeya. "Sarkin Wuta ne ya ɗan leƙo, wai zai duba mai."

"Kana kallo aka zaunar da sa'ar mahaifiyarka a ƙasa, ka ja bakinka ka yi gum?"

Maigadi ya sunkuyar da kai.

Sarkin Wuta laƙabin mai kula da janareto ne. Sufeto ya same shi a ɗakin injin yana goge abin da ba ya bukatar goga. Da aka miƙa masa hannu, hagu ya bayar, dama na cikin aljihu.

"Fito da ɗayan."

Hannun na naɗe da bandeji. "Salansar injin ce ta ƙona ni jiya."

"Jiya Lahadi? Injiniya ta ce rabon da a tayar da injin nan tun Laraba."

Sufeto ya juya ga allon kayan aiki. Mutumin mai tsari ne, kowane ƙarfe da zanen gurbinsa, amma gurbin filaya wayam. Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya zura sanda cikin durom ɗin baƙin mai, ya tsamo ta. Bakinta ya narke, ya manne.

"Ka kashe makunni kafin ka hau, kamar yadda ka saba da injinka," in ji Sufeto. "Ka manta rana ba ta da makunni."

Sarkin Wuta ya zube a kan benci.

"Shekara ashirin da biyar, Yallaɓai. In aka ɗauke wuta, har Darakta sai ya aiko a roƙe ni. Yanzu wai a kwance injina, a mai da ni mai canza ƙwan fitila. So na yi a ce sola ba ta da tabbas, a bar min shi."

"Iya fa?"

"Ban zaci za ta faɗa kanta ba."

"Da ta faɗa kuma sai ka ga ta yi daidai."

Aka buga masa ankwa aka fito da shi. Darakta ya yi gyaran murya, ko kunya babu.

"To Iya, magana ta wuce. Tashi ki hau ki share tokar rufin."

Nan Sufeto ya kasa haɗiyewa. "Ranka ya daɗe, a gaban mutanen nan ka tozarta ta. A gabansu za ka yaga takardar, ka ba ta haƙuri."

Darakta ya yaga, ya yi wani gunguni da ya yi kama da haƙuri. Iya ba ta ko dube shi ba. Idonta na kan Sarkin Wuta da ake wucewa da shi.

"Ɗazu da ka wuce ni ina ƙasa," ta ce a hankali, "har sannu ka yi min."

Bai ɗago kai ba har aka rufe ƙofar motar.