Zaren Gligor a Majami'ar Bakin Tafki

Shekara ashirin Gligor yana gyaran tsofaffin majami'un garin Ohrid, amma da kubbar majami'ar bakin tafki ta tsage, sai limaman suka ba Spase aikin, Spasen da shi ya koya wa riƙon guduma. Abin ya tsaya masa a rai. Ran nan da la'asar ya faki idon Spase ya auna inuwarsa da zare, don kowane magini ya san wanda aka binne awon inuwarsa a bango ba ya kai kwana arba'in.

Dare ya raba, ya shiga majami'ar, ya ajiye fitila a bakin ƙofa. Warin ɗanyen kwaɓi ya tare shi, alhali ba a fara aiki ba. Can ga wani tsoho a durƙushe, yana jera siraran tubala irin na mutanen da.

"Baba, wa ya sa ka aiki a nan?"

"Wanda ya sa ni ya daɗe da mutuwa," in ji tsohon, muryarsa kamar daga cikin bango take fitowa. "Shi ma hannuna ne ya tsone masa ido. Kawo zaren."

Gligor ya miƙa. Yatsun tsohon sanyi ƙalau.

"Wannan inuwar gajera ce, ɗana, ba za ta riƙe kubba ba. Tsaya yadda kake."

Gligor ya dubi ƙasa. Tasa inuwar ta miƙe har gindin bango, tsohon yana bin ta da zaren a hankali. Shi kuwa tsohon, duk hasken da ke kansa, ba shi da inuwa.