Katin Da Umma Ta Ɓoye

Kwana uku Mai-ɗinki tana neman katin asibitinta. Ta zazzage gwangwanin maɓallai, ta ɗaga katifa, ta leƙa aljihun keken ɗinki har ta gaji da leƙe. A ƙarshe ta zauna bakin gado ta yi tagumi, ko ƙarfin kuka ba ta da shi.

Shekara tara tana shan maganin HIV, ƙwaya ɗaya kullum, ba fashi. Dogo, direban motar haya, ya aure ta yana sane, kuma bai taɓa goranta mata ba. Matsalar ita ce Umma, mahaifiyarsa, wadda ta amince da auren da ƙyar, ta zauna jiran jika kamar mai jiran mota a tasha.

Watan jiya nas ta duba Mai-ɗinki, ta ce ta ga ɗan tabo a bakin mahaifarta. Wata ƙwayar cuta ce daban ke kawo shi, in ji ta, kuma a jikin masu HIV ya fi saurin rikiɗewa sankara. Ta rubuta mata ranar dawowa a kati. Gobe ce ranar.

Da Dogo ya shigo cin abincin rana, kallo ɗaya ya yi mata.

"Har yanzu katin?"

"Bar shi kawai, Yaya. Na gaji da asibiti, na gaji da layi, na gaji da kallon da Umma ke min duk na ɗauki mayafi."

Ya nufi ɗakin mahaifiyarsa, ita kuma ta bi shi ta tsaya bakin ƙofa. Ya durƙusa.

"Umma, don Allah, ko kin ga katinta?"

"Na gani. Yana cikin gidan tabarauna, kuma a nan zai zauna. An ce ƙarfe suke zura wa mace su ƙone mahaifa. Na haƙura da ciwonta, yanzu kuma in haƙura da jika? Ba ku kuka ce cutar ta kwanta ba?"

"Waccan ta kwanta, Umma. Wannan daban ce."

"To ka zaɓa, maganata ko ta nas."

Mai-ɗinki ta jingina da ƙofa. Ta san mijinta, ko ruwa Umma ta hana shi sha, zai yini da ƙishi. Dogo ya ɗago kai.

"Ban taɓa tsallake maganarki ba," ya ce a hankali. "Amma in na bar ta a gida ta mutu, da wane ido zan dube ki? Gobe zan kai ta. Alfarmar da nake roƙo, ki zo ki ji da kunnenki."

Umma ta juya masa baya. Amma da safe, kafin ya tayar da mota, sai ga ta da mayafi, fuska a murtuke, katin a hannunta.

Aikin bai kai rabin awa ba. Umma ta tare nas a ƙofa.

"'Yar nan, gaya min gaskiya, za ta haihu?"

"Wannan aikin ba ya hana haihuwa, Mama, tabon kawai muka kashe. Da kun bari ya girma, mahaifar dungurungum za a cire, in ma an samu an ceci ranta."

Umma ta nemi benci ta zauna. Ta daɗe tana juya gidan tabaraunta, kunya ta hana ta duban surukarta. Can ta kamo hannun Mai-ɗinki ta riƙe gam, ta dubi nas.

"Ina da 'ya'ya mata biyu. Wace rana zan kawo su?"

Bayan shekara biyu Umma ta goya jikanta. Haƙurin Mai-ɗinki bai tashi a banza ba, amma ba haƙuri kaɗai ya cece ta ba. Biyayya ga iyaye wajibi ce, sai dai mai ƙaunarka na gaskiya shi ne wanda zai durƙusa cikin ladabi ya faɗi gaskiya, sannan ya kai ka asibiti tun abin yana ƙarami.